Jeren Auta a Ƙasar da ke Motsi

Shekarar da anka kashe layin waya a Zamfara, anka hana cin kasuwa, a cikinta anka ɗaura wa autata Saratu aure. Shekarar da kuɗi sunka ɓace, mutane na wuni bakin banki, a cikinta Alhaji mai gidana ya rasu. Ita kuwa tafiyar da kunka dame ni da tambayarta, bayan ruwan da ya ci gidajen bakin gulbi na yi ta, da kaka, gero na shiga rumbu. Tun da na dawo ba ni da sakat. In na je suna, "Hajiya Dije, wai da gaske ƙasar Turkiyya rawa take?" In na je gaisuwar mutuwa, ana shafa addu'a wata za ta matso ta ce, "Kin ji ta da ƙafarki?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na zaunar da malamar Islamiyyarmu na ce ta ɗauki alƙalami, abin da na faɗa shi za ta sa, kada ta gyara mini magana. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ku bar ni in huta.

Duk wanda ya san Gummi ya san ni da jere. Daga nan har Bukkuyum, har Anka, in za a kai amarya gidan da ake jin nauyinsa, Dije ake aika wa. Ni ke tsayawa in ce wagga fanteka ta zauna ƙasa, waccan samira ta hau kanta, langa ta biyo, murfi ya jingina, har kwano ya kusa taɓa rufi, mai shiga ɗaki ya ga fuskarsa ta ko'ina. Ɗakunan ɗiyan mutane da na jera ba su ƙirguwa. Sai ga autata, ɗiyar cikina, an kai ta babu jere. Lokacin hanya ba ta biyuwa, dangi ba su zo ba, anka ɗaura aure shiru, ba a jima ba ita da mijinta Malam Bashiru sunka wuce Turkiyya karatu. Kwanonin da nake tara mata tun ranar da na yaye ta sunka zauna ƙarƙashin gadona suna shan ƙura.

Ban manta ba, kuma ba a bar ni na manta ba. Kulu, ƙawata tun muna 'yan mata, wadda bakinta ya fi reza, ta same ni gidan wani biki ina bisa kujera ina ɗora murfin ƙarshe, ta ce, "Dije, hannunki dai sai Allah. To na Auta a ina anka jera shi? Cikin jirgi?" Mata sunka kwashe da dariya. Na sauko, amma maganar ta bi ni har gida.

Da labari ya zo Saratu ta sauka lafiya, namiji, Malam Bashiru ya aiko in zo wankan jego. Su a zatonsu wanka zan je. Ni na san abin da zai kai ni. Na naɗe kowane kwano cikin tsumma, na cusa ƙanana cikin manya, na cika buhu biyu. Na ƙara da kanwa, da daddawa, da kuka, da busasshen ganyen darbejiya na wanka.

A tasha sai da rana ta ɗaga sannan munka tashi, don yanzu babu direban da ke shiga wannan hanya shi kaɗai, sai motoci sun taru a bi juna. Duk ramin da motar ta faɗa sai kwanonina su amsa daga baya. Wajen Ɗaki Takwas wani soja ya leƙo ya ce, "Mama, mi ke kuka cikin buhun nan?"

Na ce, "Kayan ɗakin ɗiyata."

"Ina ne gidan mijin?"

"Turkiyya."

Ya yi dariya har ya kira ɗan uwansa ya zo ya gan ni. A Anka wani mai haƙar zinari ya shigo, ba ɗan ƙasarmu ba, Hausarsa a karkace, farcensa duk jar ƙasa. Da ya ji inda za ni ya ce, "Hajiya, can ne fa ƙasa ke haɗiye gidaje. Na gani a waya." Na ce, "Ƙasa ba ta cin kowa sai wanda ya shiga cikinta neman abin da bai ajiye ba, irinku." Motar duka ta ɗauki dariya, shi ma ya yi. Haka na yi imani a lokacin, don tunda anka haife ni ban taɓa ganin ƙasa ta tashi daga inda Allah ya shimfiɗa ta ba.

A Gusau anka haɗa ni da Hajiya Balki, 'yar kasuwa, wadda ke zuwa Istambul sarin kayan ɗaki. Ita ta riƙe ni har Abuja, har cikin jirgi, kuma da yake jakunkunanta fanko suke tafiya, ta ɗauke mini buhu ɗaya. Da ta buɗe ta ga abin da ke ciki sai ta riƙe baki. Ta ce, "Inna, duk amaren ƙasar nan daga can ake kawo musu kwano, ke kuma za ki kai kwano can? Wa ke kai gishiri Bilma?" Na ce, "Nasu kwano ne. Nawa jere ne."

Jirgi ba baƙona ba ne, na je Makka. Abin da ban taɓa gani ba shi ne abin da anka yi mini da munka sauka. Wani ma'aikaci ya zo da kare, kare sosai, mai kunne a tsaye, ya sa shi shinshinar kayana. Hancinsa cikin fantekar Saratu! Na ce, "Innalillahi! Balki, ce masa ya janye wannan najasa!" Balki ta ce in yi shiru, karen ma'aikaci ne, har albashi gare shi. Daddawa ce ta kira shi. Mutumin ya kwance ƙullin, ya kai hanci, ya ja da baya awa wanda anka mara, ya mayar mini da abina da sauri. Kanwar ce sunka tsaya kanta. Sunka juya ta, sunka ƙwanƙwasa, sunka kira babbansu. Na karɓa na gutsura na tsotsa a gabansu don su ga abin ci ce. Babban ya yi murmushi, ya ɗora hannu a ƙirji, ya jefa kanwata cikin kwando. Haka na shiga ƙasar mutane zuwa wankan jego babu kanwar kunu. Daga baya da wani farin gari na burodi nake dama mata, ya yi kama, amma bai kai ba.

Nan Balki ta miƙa ni ga Malam Bashiru, munka sake hawa wani ƙaramin jirgi. Garin nasu sunansa ya ƙi zama bakina, kada ku tambaye ni. Kwance yake cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi awa tuwo cikin akushi, wasu unguwanni sun hau jikin dutsen. Abin da muke kira dutse a nan, can yara za su yi jifa da shi. Gidansu yana kafaɗar ɗaya daga ciki, bene ne mai hawa da yawa, su suna can sama.

Na rungumi Auta, na karɓi jikana, na yi masa addu'a, sannan na ɗaga ido na dubi ɗakin. Jama'a, da na san haka ne da ban ɗaga ba. Bango fayau. Babu hoto, babu madubi, babu ko agogo. Ɗakin gwauro ya fi shi kaya. Kabad ɗin tufafi an ɗaure shi jikin bango da ƙarfe awa saniya mai harbi. Kowace ƙofar kabad a kicin da ɗan makullinta. Bakin ƙofar fita ga wata jaka a shirye, ruwa a ciki, da tocila, da biskit, da usur irin na 'yan ƙwallo. Na ce, "Wa zai yi tafiya?" Saratu ta ce, "Ba kowa, Inna. Ta ranar girgizar ƙasa ce."

Ban gama haɗiye wannan ba Malam Bashiru ya durƙusa ya ce, kansa a ƙasa, "Inna, a gafarce ni. In kin ji gida na motsi, kada ki nufi matakala. Ki shiga ƙarƙashin tebur ɗin nan, ki riƙe ƙafarsa, ki rufe kai." Har ya fara gwada mini. Na ce, "Malam, tashi. Ni Dije in shiga ƙarƙashin tebur gaban surukina? Gara benen ya zauna kaina." Saratu ta juya baya tana ɓoye dariya.

Abincinsu ba zan ɓata muku lokaci ba. Da safe burodi da zaitun da cuku, sai shayi cikin ɗan kofin da bai kai ludayi ba, amma ba a barin shi ya ƙare. Nono gare su mai kyau, kindirmo wanda Bafulatanar Gwashi ba za ta raina ba, sai su tashi su zuba masa gishiri. Gishiri a nono! Wadda ta fara ba ni shi maƙwabciyarsu ce, tsohuwa sa'ata, sunanta A'isha, su Aishe suke cewa. Gajera ce, hannunta na hagu a shanye, ba ta miƙe shi. Ta kawo wa mai jego wani jan abin sha awa zoɓo, ta maƙala wa jariri ɗan kwabon zinari a riga. Ashe su ma arba'in suke yi. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata, amma kullum sai mun zauna mun sha shayi, ta yi nata surutu in yi nawa, kowa ta gyaɗa kai.

Ranar da sunka kai yaro asibiti allura, tun da hantsi, na ce yau ce ranata. Kwanonin na riga na wanke su wankin kare. Na jawo kujera na hau. Saman kabad ɗin nan da ke gefen gado, inda gadon jariri yake, nan na kafa. Fanteka uku a ƙasa, samira bisa kansu, langa mai furen kore, langa mai bakin shuɗi, tasar tagulla ta Innata a tsakiya, murafu a jingine, faifai a baya. Na kai shi har rufi. Na sauko na koma bakin ƙofa na duba, na ce da kaina, Dije, ko Sarkin Anka ne zai aurar, iyakar abin da za ki yi ke nan.

Da sunka dawo Saratu ta tsaya bakin ƙofa da yaro a kafaɗa. Idonta ya ciko. Ta ce, "Inna, ashe kin kawo su." Ta gane tasar kakarta. Na ji zuciyata ta yi fari. Sai ta share ido ta ce, "Inna, ya yi kyau wallahi. Amma sai an sauke."

Na ce, "Mi kinka ce?"

"Sai an sauke su. Ƙasar nan motsi take."

"Tun da na zo ban ga ta motsa ba. Ki dai ce kunyar kayan ƙauye kike ji gaban farar fata."

"Haba Inna."

"Babu haba. Na ɗauko su ta hanyar da maza ke tsoron bi, kare ya sa musu hanci, Kulu ta yi mini dariya cikin mata, yanzu ke ma za ki ce in sauke? Hannun da ya taɓa jeren nan ban yafe ba."

Ba ta taɓa ba. Abin da ta yi ya fi taɓawa ciwo. Ta ja gadon yaro ta kai falo, ta shimfiɗa katifa kusa da shi, ta bar mini ɗakin ni da kwanonina. In tana son zane sai ta aiki mijinta, shi ma ya shiga da sauri ya fito da sauri awa mai wuce gidan mahaukacin kare. Jere ya tsaya, amma ɗakin ba kowa. Muna wanka safe da yamma, ina fyaɗa mata ganye, ba mai ce da wani komai sai "juya" da "ya isa".

Malam Bashiru ne ya gaji. Ya ce, "Inna, ko za ki je ki ga aikin da take yi? Kullum kina cewa ba ki san abin da ya riƙe ta ƙasar nan ba." Gaskiya ne ban sani ba. In mata sun tambaye ni sai in ce karatun duwatsu take. Da arba'in ta cika munka tafi makarantar, mu uku da yaro.

Muna shiga wani dattijo mai farin gashi, babban malaminta, ya taso ya kamo hannuna zai kai baki. Na fizge na ce, "A'uzubillahi! Saratu, mi wanga ke nufi?" Ta ce girmamawa ce, haka suke yi wa tsofaffi, su sumbaci hannu su kai goshi. Na ce ki gaya masa na gode, daga nesa ma ina jin girman. Mutumin ya yi ja har kunne. Sunka nuna mini wani ɗaki mai sanyi awa randa, cike da na'urori sun kai tsawon mutum, suna gurnani ba dare ba rana. Wai duk lissafi suke yi.

Sai Saratu ta zaunar da ni gaban wani allo awa talabijin, faɗinsa ya kai tabarma. Ta danna, sai ga garin gaba ɗaya, da kwarin, da duwatsun, amma an lulluɓe su da zane-zane awa komar kamun kifi.

Ta ce, "Inna, kin ga yadda ake yanka awara? Haka munka yanka dutsen nan da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ƙanana ƙanana, cikin na'ura. Kowane yanki mun gaya mata ko mene ne. Wanga dutse ne mai tauri, wanga laka ce da ruwa ya tara, wanga tsakuwa. Can ƙasa da nisa akwai tsaga, inda duwatsu biyu ke turin juna tun kafin a haifi kowa. Wata rana ɗaya zai kuɓuce. To mu sai mu kuɓutar da shi a nan, na'ura ta lissafa yadda kowane yanki zai ture maƙwabcinsa, shi ma ya ture na gaba, har abin ya fito sama inda mutane suke."

Na ce, "Kuɓutar mu gani."

Ta danna. Daga ƙarƙashin dutse wani launi ya ɓullo, ya bazu awa ka jefa dutse a tafki. Ya ratsa duwatsu da sauri, shuɗi shuɗi. Da ya faɗa kwarin sai ya koma ja, ya ƙi fita. Ya bugi wannan gefe ya dawo, ya bugi wancan ya dawo. Ta ce, "Kin ga kunu cikin ƙwarya in an bangaje ta? Ƙwaryar ta tsaya, kunun bai tsaya ba. Ƙasar kwarin laushi gare ta, haka take yi."

Na ce, "To alhamdu lillahi, ku kuna kan dutse."

Ta sa yatsa bisa allon. Launin nan ya hau jikin dutsen, yana hawa yana matsewa, da ya kai kafaɗa ya yi ja wur awa garwashi. Ta ce, "Nan ne layinmu. Ga masallaci, ga gidan burodi, ga mu." Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Ke kin fi ni sani, Inna. In kin ɗauko tulu bisa gammo, ƙafarki ta ɗan goce kaɗan, ina ne ya fi kaɗawa, gindin tulun ko bakinsa? Dutse ma haka. Gindi ya motsa kaɗan, kai ya motsa da yawa. Bisa dutsen ga bene, bisa benen ga mu, bisa mu ga kabad, bisa kabad ga jerenki."

Na ce, "Yaushe za ta zo?"

"Ba mu sani ba. Na'ura ba ta san rana ba. Abin da take gaya mana, in ta zo, ina za ta fi duka. Shi ma ba sau ɗaya muke yi ba. Yau mu fasa tsagar daga gabas, gobe daga yamma, jibi mu ƙara mata zurfi. Akwai ƙananan na'urori da munka binne jikin dutsen suna sauraron 'yan motsin da mutum ba ya ji, da su muke gane ko lissafinmu ya yi daidai ko ya kauce. In ya kauce mu gyara mu sake."

Na dube ta, yarinyar da na goya, na ce, "Wato kullum sai kin rushe garin nan da safe, sannan ki koma cikinsa ki dafa abincin rana?"

Ta ce, "Don magina su san inda za su ƙara ƙarfe, Inna. Don a san inda ba za a sa makarantar yara ba."

A mota da za mu koma ban iya kallon dutsen ba. Ina ganin mutane suna sayen burodi, yara suna gudu, tsofaffi na shan shayi bisa wurin da na gani ja wur, sai in ji jiri. Amma da munka shiga gida na leƙa ɗaki na ga jerena na ƙyalli, zuciya ta dawo. Na ce, "Majigi ne. Ranar da na ji ta da ƙafata na sauke." Saratu ta ce, "Ranar da kinka ji ta, Inna, ba ke za ki sauke ba."

Washegari na ce bari in samo mai ido. Na jawo Aishe da hannu na kai ta ɗakin, don tsohuwa ta san abin kirki in ta gani. Ta kuwa sani. Ta tafa hannu ɗaya a ƙirji, ta yi ta zuba magana, ta shafa tasar tagulla da ido. Saratu na bakin ƙofa tana fassara, ta ce, "Wai su ma suna yi. Wai amarya ba ta shiga sai an baje kayanta mata sun zo kallo." Na ce, "To kin ji. Gaya mata ke kin ce in sauke."

Kafin ta gaya mata, Aishe ta dubi ƙasa, ta ga sawun ƙafafun gadon jariri a jikin kafet, dab da gindin kabad. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa. Fuskarta ta canza. Ta zauna bakin gado ta fara magana a hankali, Saratu na juya mini da Hausa.

Wai tana amarya, a wani gari bayan dutsen nan, uwarta ta yi mata kabad na gilashi, ta cika shi da tangaran, kowa na zuwa kallo. Ta haifi 'ya mace. Wata rana da rana tsaka tana shanya a waje, yarinyar na barci gindin kabad, ƙasa ta motsa. Ta ruga ciki, ƙofa ta kama mata hannu, shi ne wannan da ya shanye. Gidan bai faɗi ba. Ko tsagewa bangon bai yi ba, har yau yana nan ana zaune ciki. Kabad ɗin ne ya faɗi.

Ba ta yi kuka ba. Ta nuna tsawon yarinyar da hannunta mai lafiya, daga gwiwar hannu zuwa yatsa.

Na dubi sawun gadon jikana gindin kabad. Na jawo kujera na hau. Saratu ta matso za ta taya ni, na ce, "Na ce hannun da ya taɓa ban yafe ba, kuma ban janye ba. Koma." Ni na ɗora, ni na sauke. Ina miƙo wa Aishe, tana karɓa da hannu ɗaya tana dannewa da ƙirji tana ajiyewa. Tunda nake jere ban taɓa sauke nawa da hannuna ba, sai ranar.

Da munka gama kwanoni sun cika tsakar ɗaki, na tsaya ina kallonsu awa kayan gado. Aishe ta ɗauki fanteka ɗaya ta ajiye gindin bango nesa da gado, ta ɗora samira guda, ta dube ni. Na ce, "Ba haka ba, baiwar Allah, kin juya furen ga bango." Na karɓa na gyara. Daga nan munka bi bangon nan kaf, babba zuwa ƙarami, babu wanda ya wuce gwiwa, tasar Innata a tsakiya bisa faifai. Jere a kwance. Ban taɓa gani ba, ban taɓa ji ba. Kafin la'asar Malam Bashiru ya maido gadon yaro ɗaki, Saratu ta shigo da zannuwanta.

Yanzu ga amsar da kuke nema. Ban ji ta ba. Har na baro ƙasar nan ba ta motsa ba ko sau ɗaya, ko cokali bai faɗi ba. Da na bar jerena, wataƙila har yau yana tsaye. Kuma kada wadda ta ce Dije ta yi kuskure. Jerena daidai yake, ƙasar ce ba daidai ba. Sai dai tun da na dawo, in na shimfiɗa tabarma tsakar gida na zauna, nakan dafa ƙasa da tafin hannu in ji ta shiru, in ce Allah na gode, abin da ban taɓa sanin ana gode masa ba.

Kulu ba ta bari na kwance kaya ba ta iso. Ta ce, "Ina hoton?" Na miƙa mata waya. Ta kai kusa da ido, ta kai nesa, ta ce, "Dije, wannan jere ne ko kin buɗe shago kasuwar Gummi? Kwano a ƙasa awa na mai talla!" Na ce, "Ke da ba ki taɓa wuce Gusau ba, jeren ƙasar waje ne, ba za ki gane ba." Har yau tana ba da labarin gidajen biki, ana dariya. Na bar ta.

Cikin mu da munka koyi jere hannun Gwaggo Asabe, mun fi goma, yanzu saura uku. Ni, da Kulu, da Tumba ta Bukkuyum wadda idonta ya tafi. Hassi ta rasu, Ladi ta rasu, 'Yar Buga ta rasu bara da azumi. Na je na gaida Tumba na kwashe labarin nan duka na gaya mata, har da kare, har da na'ura, har da dariyar Kulu. Ta saurara tana jan carbi. Ba ta tambayi dutse ba, ba ta tambayi tsawon jeren ba. Ta ce, "Dije, yarinyar ta koma ɗakin?"

Na ce, "Ta koma."

"Da ɗanta?"

"Da ɗanta."

Ta ce, "To ɗaki ya jeru."